TANKIN ƘAZANTA NA TIRELAR ZANGO: MATSALOLINSA DA HANYOYIN MAGANCE SU

Tirelar zango wani ɗaki ne mai tayoyi wanda mota ke ja, a cikinsa akwai wurin kwana da madafa da makewayi. A Amurka da ƙasashen Turai aka fi amfani da ita, inda iyalai kan ja ta zuwa wuraren shaƙatawa lokacin hutu. A nan Nijeriya kuwa akan ga irinta jefi-jefi wurin ma'aikatan da aiki kan kai su daji, kamar masu shimfiɗa hanyoyi da masu safiyo. Da yake tirela ba ta da masai a ƙasa, duk abin da ya fita daga makewayinta tanki ne ke riƙe shi har ranar da za a zubar. Idan tankin nan ya sami matsala, lafiyar mazauna tirelar da ta mutanen ƙauyen da suka sauka kusa da shi ce ke cikin haɗari. Akasarin matsalolin kuwa daga abu biyu suke tasowa, watau ƙarancin ruwa a tanki da barin bawul a buɗe.

YADDA TANKIN YAKE

Yawancin tirelolin Amurka suna da tankin ƙazanta iri biyu. Na farko shi ne na bayan gida, wanda ke daidai ƙarƙashin kwanon makewayi. Na biyu shi ne na ruwan wanka da wanke-wanke. Kowanne yana da bawul nasa, watau wani faifai da ake ja da hannu ya buɗe hanya. Bututun fitar da bayan gida yakan kai faɗin inci 3, na ruwan wanka kuwa inci 1½. Har ila yau akwai bututun iska wanda ya tashi daga tanki ya ɓulla ta rufin tirela, domin wari ya fita sama. Da galan na Amurka ake rubuta girman tankin, galan ɗaya kuwa kusan lita 3.8 ne. Saboda haka tanki mai galan 40 yana cin kimanin lita 150, idan ya cika kuma nauyin abin da ke cikinsa yakan kai kilo 150.

IDAN TANKI YA TOSHE

Wasu sukan haɗa tiyo da ramin zubarwa su bar bawul a buɗe dare da rana, a zatonsu sun huta da wahala. Wannan babban kuskure ne. Ruwan yakan tsiyaye ya bar tutu da takarda a wuri guda, su taru su yi tsibi a ƙarƙashin kwano, su bushe su yi tauri kamar tubali. Alamarsa ita ce kwano ya ƙi wucewa alhali tanki bai cika ba, ko kuwa a ja bawul a ga ruwa kaɗan ne ke fita.

Maganin abin shi ne a rufe bawul, a cika tankin da ruwa, a zuba garin sabulu kaɗan, a bar shi ya kwana ya jiƙa, sa'an nan a buɗe. Idan da hali a ja tirelar a ɗan zagaya da ita, domin girgizar hanya na taimakawa wajen farfasa tsibin. In bai fita duka ba a sake. Kada a zura rodi ko wani ƙarfe, gama tankin na roba ne, yana iya hujewa. Haka nan kada a zuba soda mai ƙuna ko tafasasshen ruwa, domin suna lalata zobban robar da ke hana yoyo.

Masu tsarki da ruwa sun fi samun sauƙi a nan, tun da butar da ake shiga da ita tana ƙara wa tanki ruwa, sai dai zai riƙa cika da wuri. Leda da tsumma da audugar mata da ƙunzugun jarirai kuwa ba sa narkewa, bai kamata su shiga kwano ba ko kaɗan.

IDAN WARI YA CIKA ƊAKI

Wurare uku ake dubawa bi da bi. Na farko, kwanon makewayi. A ƙasansa akwai zoben roba mai riƙe ɗan ruwa, ruwan nan shi ne ke tare wari. A zuba ruwa a dawo bayan awa ɗaya; idan ya zurare, zoben ya bushe ko datti ya maƙale a bakinsa. A wanke shi a shafa masa man silikon, in ya tsage a sake sabo. Iskar hunturu tana saurin busar da shi.

Na biyu, bututun iska. Zanzaro yakan yi gini a cikinsa, ganye da ƙura ma sukan toshe shi. Idan aka taka fedar kwano aka ga iska ta ɓulɓulo sama, to ko tanki ya cika ko bututun nan ya toshe. A hau rufi, a cire marfinsa, a haska da tocila, a kwarara ruwa har ya wuce.

Na uku, lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin wurin wanka da na wanke-wanke. Ita ma ruwa take riƙewa don tare wari, idan tirela ta daɗe a ajiye sai ya ƙafe. Kofi biyu na ruwa sun isa. A lura kuma, tankin ruwan wanka ma yana wari ƙwarai lokacin bazara, saboda maiƙo da guntun abinci.

IDAN MA'AUNI YA YI ƘARYA

Akwai fitilun da ke nuna inda ƙazanta ta kai a tanki. Sau da yawa sukan nuna tanki a cike bayan an zubar. Dalili shi ne takarda ko dauɗa ta manne wa 'yan ƙarafan awo da ke jikin tankin daga ciki. Jiƙawa da ruwan sabulu da ɗauraya mai kyau sukan gyara wannan. In ba su gyara ba, sai mai aikin lantarki ya duba wayoyin.

IDAN ANA YOYO

Idan aka cire murfin bututun fitarwa sai ƙazanta ta zubo tun ba a ja bawul ba, to bawul ba ya rufuwa sosai. Ko dai wani abu ya maƙale a hanyar faifan, ko robarsa ta cinye. Kusoshi huɗu ne ke riƙe da shi, ana iya sake shi bayan an zubar an ɗauraye. Yoyo daga jikin tanki kuwa yawanci tsagewa ce, wadda tafiya da cikakken tanki a kan hanya mai gargada kan jawo. A gwada da ruwa mai tsabta don a gane wurin, a kai wa mai walda ta roba, domin gam na kasuwa ba ya kama wasu irin tankunan.

MAGUNGUNA DA ISKAR GUBA

Ba kowane maganin kashe wari ne ya dace ba. Masu ɗauke da sinadarin fomalin suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a sokawe, suna kuma gurɓata ruwan ƙasa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana sayar da irinsu domin tankunan tirela tun daga 2022. Kada a haɗa bilic da wani magani, musamman mai amoniya, gama hayaƙin da zai tashi guba ne. Tanki kansa yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa takan kashe hanci har mutum ya daina jin ta, da wata mai kamawa da wuta. Saboda haka ba a leƙa tanki da ashana ko taba a hannu.

INDA ZA A ZUBAR

A shekarar 2021 cutar kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu. Ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata take yaɗuwa, haka ma zazzaɓin taifot. A Nuwamba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Zartaswa mai lamba 009 domin kawar da yin bayan gida a fili. Wanda ya tuttule lita 150 na najasa a rafi ko kwata ko gona ya yi abin da ya fi na mai tsugunawa a daji muni. Wurin zubarwa shi ne sokawe ko masai, ko kuwa a kira motar kwasar bayan gida. Idan ramin wucin gadi aka haƙa, ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, a kuma rufe shi da ƙasa.

A TUNA DA WAƊANNAN

1. Bawul ya zauna a rufe har tanki ya kai kashi biyu cikin uku.
2. A fara zubar da na bayan gida, sa'an nan na ruwan wanka, domin ya ɗauraye tiyo.
3. Bayan an zubar a mayar da bokiti ɗaya na ruwa cikin tanki.
4. Tiyon ɗauraya daban, na ruwan sha daban.
5. A sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Rigakafi ya fi magani.