Riƙon manya: wa zai kula da tsohuwar da ta manta hanyar gida?

Daga Dougoï a Marwa har unguwannin Garwa, kowa ya san gidan da ake kulle ƙofa saboda wata tsohuwa da ke fita ta kasa komowa. Muna cewa gigin tsufa ne, wasu ma har su jefe ta da maita. Likitoci kuwa sun san abin a matsayin cutar mantuwa, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Akwai kuma manyan da suka taso da raunin fahimta, waɗanda iyayensu ke kwana da zullumin wa zai riƙe su bayan ransu.

Wasu ƙasashe sun tsara mafita mai kama da riƙon da muka sani, sai dai na manya ne. A Faransa ana kiransa accueil familial, kuma dokar 10 ga Yuli 1989 ce ta kafa shi. Wani gida yana karɓar tsoho ko mai naƙasa, yawanci mutum ɗaya zuwa uku, su ci tukunya ɗaya da iyali. Hukumar yanki ce ke ba da izini na shekara biyar, tana kuma zagayowa dubawa. Ana rubuta yarjejeniya, ana biyan mai riƙon.

Afirka ma ta taɓa gwada irinsa. A 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta. Kowane majinyaci yana tare da ɗan'uwansa, da rana ya je asibiti, da dare ya kwana cikin jama'a.

A wajenmu gidajen karɓa ba su yi ƙaranci ba, tsari ne babu. Nauyin yakan faɗa kan mace ɗaya, 'ya ko suruka, ba hutu ba tallafi, har gajiya ta kai ga tsawa ko ɗauri. Kafin a kai Inna ko Baba wani gida, dangi su zauna gaban limami ko mai unguwa su rubuta wa zai biya abinci da magani, wa zai karɓi mai jinya ta huta, wa zai riƙe kuɗi da takardun gida. A fara kai mara lafiyar asibiti, domin wasu cututtukan da ke rikita tunani suna warkewa. A kuma tuntuɓi ofishin jin daɗin jama'a na gunduma, tunda dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi kariya ga masu naƙasa. A tambayi shi wanda za a riƙa ɗin inda yake son zama, ko da amsarsa za ta zo a hankali.