Bayarwa Tare da Amincewa

Yau za mu duba yadda masu ba da taimakon kuɗi suke bi da waɗanda suke karɓa. Maganar ta shafe mu, gama da yawa cikin azuzuwan yaƙi da jahilci, da ƙananan asibitoci, da aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa harsunanmu, da taimakon wasu suke tafiya.

Ga hanyar da aka saba. Mai kuɗi ne yake faɗin abin da za a yi. Yakan ba da kuɗin shekara ɗaya, ya ce na rijiya ne kaɗai, ko da rufin aji ne yake yoyo. Yakan nemi doguwar takardar roƙo da Turanci, da rahoto a kai a kai. Ƙungiyar birni mai akawu da kwamfuta takan iya wannan. Amma zumuntar mata ta ƙauye, wadda ta san kowace gwauruwa da sunanta, ba ta ko kai bakin ƙofa. Ta haka kuɗi yake zuwa wurin masu iya rubutu, a bar masu aikin a baya.

Wasu masu bayarwa sun gane wannan. A shekara ta 2016, a wani babban taro a Istambul ta ƙasar Turkiyya, manyan masu ba da agaji suka yi alkawari cewa kafin ƙarshen 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai je hannun ƙungiyoyin 'yan ƙasa. Shekarar ta wuce, ba a cika alkawarin ba. A 2016 ɗin kuma Gidauniyar Ford ta Amurka, wadda take da ofishi a Legas, ta fara wani shiri na dala biliyan 1, tana ba ƙungiyoyi taimako na shekara 5 domin su tsaya da ƙafafunsu. Wata mace kuma a Amurka, MacKenzie Scott, zuwa ƙarshen 2024 ta riga ta ba ƙungiyoyi fiye da 2,000 sama da dala biliyan 19, ta bar musu su zaɓi abin da za su yi da kuɗin.

Wannan hanya ita ake kira bayarwa tare da amincewa. Mai bayarwa ne yake ɗaukar wahalar bincike tun da fari, ya san mutanen da aikinsu. Sa'an nan ya ba da kuɗi na shekaru da dama, ya rage takardu, ya saurari shawarar waɗanda suke wurin.

Wani zai ce, in an saki kuɗi haka, ba za a cinye ba? Tambaya ce mai kyau. Mu duba 2 Sarakuna sura 12. Har shekara ta 23 ta mulkin sarki Yehowash, firistoci ba su gyara Haikali ba. Sai Yehoyada firist ya huda murfin wani akwati ya ajiye kusa da bagade. In kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist sukan ƙirga tare. Amma da aka danƙa kuɗin ga masu lura da aikin, ba a bi su da lissafi ba, domin an san su da gaskiya. Kun gani, an ƙirga kuɗi a fili, an kuma amince da amintattu. Biyun tare suke tafiya.

To, yaya mu? In mu ne masu karɓa, mu riƙe littafin kuɗi da kyau, mutum biyu su ƙirga, a karanta wa jama'a. Amanar da muka riƙe yau ita za ta buɗe wa ƙauye na gaba ƙofa. In kuwa mu ne masu bayarwa, kamar sa'ad da ikkilisiyar birni take taimakon mai bishara a ƙauye, mu fara tambayarsa abin da ya fi bukata, da harshen da yake ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya sa mu zama amintattu, cikin bayarwa da cikin karɓa. Amin.