Taswirar da Ba Ta Nuna Burtali

Idan yaro ya ce ya samu gurbin karatun labarin ƙasa a jami'a, iyaye da yawa sukan ɗauka haddar sunayen koguna da duwatsu zai je yi, ya gama ya nemi aikin koyarwa. Ba su san cewa rabin wannan fanni mutane yake nazari ba: inda suka zauna da abin da ya zaunar da su, hanyar da suke bi su ci kasuwa, wa ke da gona wa ke da mashaya, ina suke nufa idan fari ko fitina ta kore su. A Arewacin Nijeriya na yau ban ga fannin da ya fi wannan kusanci da maganar tsaro ba, amma riƙon sakainar kashi ake yi masa.

A duba inda 'yan bindiga suka yi sansani. Dajin Rugu ya ratsa Katsina da Zamfara, Kamuku yana ƙasar Birnin Gwari, ga Kuyambana, ga Sububu can wajen Shinkafi. Dazuzzukan nan kusan a haɗe suke, iyakokin jihohi kuma sun bi ta cikinsu, don haka mai babur yakan yi ɓarna a wata jiha ya kwana a wata. Daga arewa ga iyakar Nijar mai tsawon kusan kilomita 1,500, wadda ƙananan hanyoyinta suka ninka na Jibiya da Illela da kowa ya sani. Ɗalibin labarin ƙasa ana koya masa ya ɗora taswira kan taswira: ta daji, ta kasuwannin mako, ta ramukan zinariya na Anka da Bukkuyum, ta garuruwan da ba su da ofishin 'yan sanda ko asibiti. Inda suka haɗu, nan ake sa ido.

Maganar burtali ita ta fi buƙatar wannan ido. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma da yawansu ba a kammala tabbatar da su a hukumance ba. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali, noman rani ya rufe fadamun da shanu ke sauka su sha ruwa. Wannan kaɗai bai haifi ta'addanci ba. Akwai zaluncin wasu alƙalai da jami'ai, akwai kwararar makamai, akwai ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya. Amma wanda bai san inda tsohon burtali ya bi ba, da shekarar da aka toshe shi, da wanda ya sayar da filin, ba zai iya sasanta manomi da makiyayi ba.

Fannin yana kuma hana mutum gamsuwa da amsa mai sauƙi. Ana yawan cewa ƙafewar Tafkin Chadi ce ta haifi Boko Haram. Gaskiya ne tafkin ya ragu daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. To amma ƙasar da ruwa ya janye ya bari mai albarka ce, ta jawo manoma da masunta da makiyaya, cinikin kifin Baga ya bunƙasa. Abin da mayaƙa suka samu a can shi ne tsibirai masu wuyar shiga, da dukiya mai yawa, da hukuma da ta yi nisa.

Jami'o'inmu suna da tushe a wannan aiki. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya koma Bayero, ya shafe shekaru yana bin ƙauyukan kewayen Kano da irin su Dagaceri, yana tambayar manoma yadda suka tsallake farin shekarun 1970. A yau an ƙara da hoton tauraron ɗan Adam da kwamfuta, kuma sun yi amfani: a yaƙi da shan inna, irin waɗannan hotuna ne suka fito da tungaye da rugage da taswirar hannu ta manta, masu rigakafi suka isa gare su, har aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya a 2020.

Sai dai tauraro rufin ɗaki yake gani, ba ya jin maganar masu ɗakin. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Manufar ita ce a toshe wa 'yan daji hanyar abinci da mai. Amma kasuwar da ɗan bindiga ke aiken a sayo masa kaya ita ce wadda talaka ke kai akuyarsa ya sayi hatsi, wayar da aka katse kuma da ita ake sanar da maƙwabta an ga babura. Wanda ya nazarci yadda ƙauyuka ke rataye da kasuwarsu zai iya faɗin wannan tun kafin a sa hannu a takarda.

Abin da ke damuna shi ne fita fili, wanda shi ne ƙashin bayan karatun, yana neman gagara. Malami ba zai kwashi ɗalibai zuwa Ɗansadau ba, ga ƙarancin kuɗi, ga ƙidayar jama'a da rabon a yi ta tun 2006. Amma 'ya'yan irin waɗannan garuruwa suna zaune a ajin, 'yan gudun hijira kuma suna Gusau da Katsina da Maiduguri, sun san kowace mashaya da kowane lungu. A koya wa ɗalibai zama da su, da dagatai da arɗaɗɗa, a zana taswirar tare. A kuma koya musu ɓoye sunan wanda ya ba su labari, domin a waɗannan yankuna an sha kashe mutum kan zargin ya yi magana da hukuma.