Ganyen miya da gubar da ke ɓoye cikin gyaɗa

Duk wanda ya taɓa watsa gyaɗa a baki ya tauna ƙwaya mai ɗaci ya san yadda ake saurin tofar da ita. Sau da yawa ɗacin nan aikin fumfuna ne. Akwai kuwa wata fumfuna da ke barin guba a gyaɗa da masara, har da gero da dawa idan an adana su da danshi. Sunan gubar aflatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Dafuwa ba ta gamawa da ita, suya ma haka, kuma ba kullum take yin ɗaci ba.

Ɓarnarta a hanta take. Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani siririn zare mai ɗauke da umarnin gado, likitoci na ce masa DNA, waɗanda suka yi lakkol kuma ADN. Harufansa sun kai biliyan 3. Kullum sai ya ji rauni sau dubbai a kowace ƙwaya, daga zafin rana, hayaƙin itace, taba, har da aikin jiki na yau da gobe, jiki kuma yana bi yana gyarawa. A 2015 Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar suka sami kyautar Nobel saboda bayyana yadda gyaran yake. Ita aflatoksin, idan ta isa hanta sai ta rikiɗe ta manne wa zaren, kamar ruwa ya ɗiga a kan rubutun allo. Idan ɗigon ya faɗa kan sashen da ake kira TP53, wanda ke hana ƙwaya hayayyafa ba tsari, an buɗe wa sankarar hanta ƙofa. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B kuwa, haɗarinsa ya ninka sau da yawa.

To ina ganye ya shigo? Ranar Lahadi a kasuwar Filinge, kilomita kusan 180 daga Yamai, za ka tarar da mata sun baje zogale, tafasa, yakuwa, lalo da garin kuka a kwarya da tasa. Ƙasar Kurfai, inda Filinge take, ta san darajar ganye tun kaka da kakanni, musamman da damina ta kama rumbu ya yi ƙasa. Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne cewa koren nan na ganye, kulorofil, yana iya riƙe gubar tun a hanji, ta wuce ba ta shiga jini ba. An gwada a Qidong ta ƙasar Sin, inda sankarar hanta ta yi yawa. Masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun raba mutum 180 gida biyu, suka ba rabi kulorofilin, wanda daga koren ganye ake samo shi, sau uku a rana har wata huɗu. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna alamar raunin DNA a fitsarinsu ta ragu da kashi 55 cikin ɗari.

Akwai hanya ta biyu. Wasu ganyaye na ɗauke da sinadaran da ke zaburar da hanta ta ƙara ƙwazo wajen fitar da guba. Paul Talalay da abokan aikinsa sun gano irin wannan a dangin kabeji a 1992, zogale kuma yana da makamancinsa. Sai dai a nan ina roƙon mai karatu ya bi a hankali. Yawancin gwajin zogale a ɗakin bincike da jikin ɓeraye aka yi shi. Mai tallan gari ko ƙwaya da ya ce maka yana maganin sankara ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba. A Finland an ba masu shan taba sinadarin karotin a ƙwaya da fatan kare su, sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18. Ganye a cikin dambu ko kwaɗo daban, ƙwaya mai ƙarfi a kwalba daban.

A ganina babban aikin yana rumbu. A Qidong ɗin ma, abin da ya fi rage cutar shi ne komawar mutane daga masara zuwa shinkafa tun shekarun 1980. Kusa da mu, a yankin Kindia na ƙasar Gine, an koya wa manoman wasu ƙauyuka tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da hannu, shanya ta a tabarma har ta bushe ƙayau, zuba ta a buhun da iska ke ratsawa, da ɗora buhun kan katako. Rahoton 2005 ya nuna gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta maƙwabtansu ba. Fari a ƙarshen damina na sa gyaɗa saurin kamuwa tun tana gona, abin da manomin Kurfai ya kamata ya riƙe. Gyaɗar da aka tsince kuma a zubar da ita, kada ta koma ƙuli-ƙulin yara ko abincin saniyar tatsa, domin gubar na fita a nono. Rigakafin ciwon hanta nau'in B yana cikin alluran jarirai, a kai su gidan likita a kan kari.