Yadda na'ura ke hana sunan mutum ɗaya shiga rajista sau biyu

Gabanin zaɓen watan Fabrairun 2016 a Nijar, ƙwararrun ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, OIF, sun binciki girgam ɗin masu zaɓe, suka ba da shawarar a cire sunaye kusan 25,000 da aka rubuta sau biyu. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar zaɓe ta CENI ta koma ga rajista mai ɗaukar hoton yatsu, wadda kamfanin Gemalto ya yi aikinta kafin zaɓen 27 ga Disamban 2020.

A cikin kwamfuta, irin wannan kundi jadawali ne: kowane layi mutum ɗaya, kowane gurbi bayani ɗaya, kamar suna, ranar haihuwa da lamba. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya tsara wannan salo a 1970. Mai gina kundin yana iya kafa wa wani gurbi sharaɗin cewa abin da ke cikinsa ba zai maimaitu ba. Daga nan, in aka zo shigar da lambar da ta riga ta shiga, na'urar da kanta za ta ƙi karɓa, ko wane ne ke zaune a gabanta.

Sai dai ba kowane gurbi ne ya dace da sharaɗin ba. A ƙauyukan Gazawa, Agie da Gidan Runji, mutane da dama kan yi tarayya a suna da sunan mahaifi. Ranar haihuwa ma ba ta raba gardama, domin waɗanda ba a san ranarsu ba akan rubuta musu 1 ga Janairu. In aka ɗora sharaɗin a kan suna, takwara zai hana takwaransa ƙuri'a.

A ɗaya ɓangaren kuma, na'ura harafi take dubawa. Wanda aka rubuta Mahamadou a Gazawa, aka sake rubuta shi Mahamadu a Maradi, mutum biyu ne a wurinta. Shi ya sa ake fara gwada yatsun mai rajista da na duk waɗanda ke cikin kundin, sa'annan a ba shi lamba guda, a ɗora sharaɗin a kan lambar. Haka Najeriya ke yi da lambar NIN mai alƙaluma 11.

Akwai kuma wata kafa da ake mantawa da ita. A yawancin manhajoji, sharaɗin ba ya kama gurbin da aka bari fanko, don haka layuka ɗari marasa lamba za su iya wucewa. Dole a haɗa shi da sharaɗi na biyu, wanda ke hana adana layi sai an cike gurbin.

Wannan ƙa'ida ce ake buƙata a jerin masu karɓar tallafin abinci ko takin zamani, inda suna ɗaya da ya fito sau biyu ke nufin wani gida ya rasa rabonsa.