Kafin ka dangwala yatsa: Abin da na'urar tantancewa ke gani a hannunka

Ƙannenmu 'yan aji shida na sakandare, musamman ku na Kangire da Birnin Kudu da Gwaram da muka fito daga cikinku, akwai wata jarrabawa da za a yi muku ranar JAMB tun kafin ku zauna gaban kwamfuta, kuma ba a karanta mata littafi ko ɗaya. A bakin ƙofar ɗakin jarrabawa za ku tarar da wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba, a ce ku ɗora yatsa a kanta. Idan ta shaida ka, ka wuce. Idan ta ƙi, ko malamin da ya koyar da kai tun daga firamare ne tsaye a wurin, ba shi da ta cewa.

Mun ga yadda abin yake da idonmu. Wata ƙanwarmu ta sha lalle na bikin yayarta, yatsu goma duk sun yi baƙi wuluk, bayan kwana huɗu kuma muka raka ta yin rajista. Ta ɗora babban yatsa, shiru. Ta goge a jikin hijabi ta sake ɗorawa, shiru. Jami'in da ke wurin ya dubi hannun ya ce, "Ƙanwata, ki koma gida sai ya goge." Haka muka juyo, kuɗin mota ya tafi a banza, ita kuma tana ta matsar ƙwalla wai na'ura ta tsane ta. Na'ura ba ta san ƙiyayya ba. Abin da take nema ne ba ta samu ba, kuma hukumar JAMB da kanta ta sha gargaɗin ɗalibai da su guji sa lalle a yatsu idan lokacin rajista da jarrabawa ya matso.

To mene ne take nema?

Ku buɗe tafin hannunku ku dubi kan yatsa da kyau a cikin haske. Za ku ga layuka sirara kamar kunyoyin gona, wasu sun yi gammo, wasu sun lanƙwasa sun dawo, wasu sun yi tudu sun wuce. Waɗannan layuka suna samuwa ne tun mutum yana cikin mahaifiyarsa, kuma ba sa sauya tsari har tsufa, sai dai su ƙara faɗi yayin da hannu ke girma. Hatta Hassan da Husaini da ko uwarsu kan rikita su, zanen yatsunsu ba iri ɗaya ba ne. Na'urar ba ta damu da zanen gaba ɗayansa ba. Wurare biyu take farauta: inda layi ya zo ya tsaya cak, da inda layi ɗaya ya rabu gida biyu. Sai ta auna inda kowane yake da inda ya fuskanta, ta mayar da su lambobi ta adana. Ranar da ka dawo, ta sake aunawa ta gwada da na ajiye.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1858 wani jami'in mulkin mallaka na Ingila a Indiya, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya buga tafin hannunsa gaba ɗaya a takardar yarjejeniya don kada ya zo daga baya ya musanta. A 1892 kuma 'yan sandan Ajantina suka warware wata shari'ar kisan kai da shatin yatsa mai jini da aka samu a jikin ƙofa. Kakanninmu ma da ke dangwala yatsa a tawada wajen karɓar kuɗi ko jefa ƙuri'a, wannan ilimin suke amfani da shi, illa dai a da ido ne ke dubawa.

Ba duk na'urorin ne ke karanta zanen yatsa ba. Akwai wadda ake shimfiɗa mata hannu gaba ɗaya a kan faranti mai 'yan turaku, yatsu su shiga tsakaninsu, kyamara ta auna tsawon yatsun da kaurinsu da faɗin hannun. Da irinta aka tsare ƙofofin masaukin 'yan wasa a gasar Olamfik ta birnin Atlanta na Amurka a 1996. Masana'antu suna son ta saboda ba ruwanta da datti ko kaushin hannu, amma tana da rauni ɗaya: siffar hannun mutane da yawa takan yi kama, don haka sai ka fara danna lambarka, sannan ta duba ko hannun na mai lambar ne. Akwai kuma wadda ke haska tafin hannu da wani haske da ido ba ya gani, ta karanta yadda jijiyoyin jini suka shimfiɗu a ƙarƙashin fata. Wannan ko taɓa ta ba a yi.

Ranar da muka kafa ta da hannunmu

Da jami'a ta tura mu koyon aiki na 'yan watanni, mun faɗa hannun wani mai haɗa na'urorin tsaro. Aikin farko da ya tafi da mu shi ne sa wa ƙofar wani ɗakin kwamfutoci na'urar karanta yatsa. Mu a zatonmu aikin minti ashirin ne: a huda bango, a ɗaura, a jona wuta. Sai da la'asar ta yi sakaliya muka bar wurin.

Tun kafin a buɗe kwali, Oga ya tsaya yana kallon inda rana ke faɗowa. Mun riga mun yi alama a bangon da ke fuskantar gabas, ya ce mu goge. Mafi yawan waɗannan na'urori da haske suke aiki: akwai fitila a ciki da ke haska gilashin, layukan yatsa da suka taɓa gilashin su fito daban da ramukan da ke tsakaninsu. Idan rana ta doki gilashin kai tsaye, hoton yakan wanke. Ga zafi, ga ruwan damina, ga ƙurar hunturu. Sai muka koma ƙarƙashin baranda. Tsayin ma sai da aka yi shawara, domin idan ta yi sama da yawa gajere zai riƙa ɗora kan yatsa a tsaye maimakon ya kwantar da shi, na'urar kuma ta ga rabin zane kawai.

Daga nan sai wayoyi. Na'urar ita kaɗai ba ta kulle ƙofa, umarni kawai take bayarwa. Abin da ke riƙe ƙofar wani maganaɗisu ne da ake ɗaurawa a saman ƙyaure, wanda ke manne ƙarfe da ƙarfe muddin akwai wuta a jikinsa. Idan na'ura ta shaida yatsa, sai ta yanke masa wuta na 'yan daƙiƙoƙi, ƙofa ta saki. A nan ne Oga ya yi mana tambayar da ta ba mu kunya: "To in an ɗauke wuta fa?" Muka yi tsuru-tsuru. Amsar ita ce ƙofa za ta buɗe wa kowa, har da ɓarawo. Da gangan aka ƙera irin wannan makulli haka, don kada gobara ta tashi mutane su maƙale a ciki. Amma a ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙo, dole a haɗa masa batir mai bolt 12 da zai karɓi aiki nan take. Muka kuma sa maɓalli daga ciki wanda mai fita zai danna ba sai ya sa yatsa ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne sabuwar na'ura ba ta da maigida. Duk wanda ya danna maɓallin saiti zai shiga, ya ƙara wanda ya ga dama, ya goge wanda ya ga dama. Don haka aikin farko bayan an kunna ta shi ne a yi wa shugaban wurin rajista a matsayin mai riƙon ragama, sannan a saita kwanan wata da lokaci, tunda tana rubuta wanda ya shiga da sa'ar da ya shiga. Oga ya ce ya sha zuwa wuraren da aka kashe maƙudan kuɗi aka sayi na'ura, aka bar wannan mataki a buɗe.

Sai rajistar ma'aikata. Kowa ya ɗora yatsa sau uku, na'ura ta haɗa ukun ta fitar da ma'auni ɗaya. Mun ɗauki yatsa biyu ga kowane mutum, ɗaya a dama ɗaya a hagu, saboda ranar da wuƙa za ta yanke ɗaya. Kowa ya wuce lafiya sai baba mai gadi. Manomi ne, tafin hannunsa duk kanta, layukan sun suɗe kamar tsohuwar taya. Babban yatsa ya ƙi, manuniya ta ƙi. Ya yi dariya ya ce, "Yara, fartanya ta riga ku." Oga ya ce masa, "Baba, ɗan murza yatsan a goshinka." Maiƙon fuska ya ɗan jiƙa busasshiyar fatar, aka gwada yatsan kusa da ƙarami, wanda bai cika shan wahalar aiki ba, sai ga koren haske.

Tsakanin tsanani da sassauci

A cikin saitin akwai wata lamba da ke nuna yawan kamannin da na'ura za ta gani kafin ta yarda. Babu ɗora yatsa biyu da ke fitowa daidai wa daida, ko da mutum ɗaya ne, saboda matsi da gumi da karkacewa suna sauyawa. Idan aka tsananta lambar, baƙo ba zai shiga ba, amma 'yan gida ma za su riƙa shan kora. Idan aka sassauta, baba mai gadi zai huta, amma wata rana za ta buɗe wa wanda bai kamata ba. Babu saitin da ke kawar da kuskuren biyu a lokaci guda. Mai kafa na'ura ne ke zaɓar wanda ya fi iya jurewa.

Nijeriya ta ga wannan a bainar jama'a. Ranar 28 ga Maris, 2015, lokacin da Farfesa Attahiru Jega ke shugabantar hukumar zaɓe, na'urar tantance katin zaɓe ta kasa tantance shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke a Jihar Bayelsa, sai da aka koma cike takarda. Na'urar BVAS da aka yi babban zaɓen 2023 da ita tana duba yatsa, in ya ƙi ta duba fuska. Mu dai a ganinmu wannan shi ne hankali: duk tsarin da zai yi aiki a garuruwan manoma da maƙera da masu wanki, bai kamata ya rataya komai a kan yatsa kaɗai ba.

JAMB kuwa ta zaɓi tsanani, kuma mun fahimci dalilinta. Sojan gona ya daɗe yana cin jarrabawa a ƙasar nan, wani ya karɓi kuɗi ya zauna a madadin wani, ya ƙwace gurbin yaron da ya kwana yana karatu da fitilar waya. Shi ya sa tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, shi ya sa kuma ake ɗaukar yatsu goma ranar rajista a sake dubawa ranar jarrabawa. Sai dai tsananin yana da tsada, kuma wanda ke biya sau da yawa shi ne ɗan ƙauyen da ya yi kaka yana yankan dawa da roron gyaɗa. Wanda yatsunsa suka ƙi karantuwa gaba ɗaya, hukumar takan tura shi hedikwatarta da ke Abuja. Ku auna tafiyar daga Gwaram.

Labari mai daɗi shi ne layukan da aiki ya suɗe suna dawowa, tunda tushensu yana can ƙasan fata. Rauni mai zurfi ne kawai ke barin tabo na dindindin. Idan rajista ta rage saura 'yan makonni, ku ɗan sassauta wa hannu aikin siminti da dogon wanki da omo, ku riƙa shafa mai da dare, musamman da yake rajistar takan faɗo cikin hunturu lokacin da fata ke bushewa tana tsagewa. Ranar zuwa kuma kada a laɓta basilin, maiƙo mai yawa yana cike ramukan ya ɓata hoton. 'Yan mata, in har sai an yi lallen biki, a tsaya a bayan hannu a bar kan yatsu. Wadda ta riga ta sa, ta yi haƙuri ya goge da kansa. Kankarewa da sinadarin wanki yana cinye fatar ne, ya mai da matsalar kwanaki ta zama ta watanni.

Ku duba takardar NIN ɗinku tun yanzu. Suna da ranar haihuwar da ke wajen hukumar NIMC su ne JAMB ke ɗaukowa, kuma idan sun saɓa da na takardun WAEC ko NECO, gyaran yana cin lokaci. Rajista kuma a cibiyar da hukumar ta amince da ita kawai ake yi. Kada wani ya ce muku ku ba shi kuɗi ku zauna a gida zai ƙarasa muku, domin yatsan da aka ɗora ranar rajista shi za a nema a bakin ƙofa.

Abu na ƙarshe da Oga ya nuna mana kafin mu tattara kaya shi ne maɓallin goge mutum daga na'ura. Ya ce duk ma'aikacin da ya bar aiki, a cire yatsansa a ranar. Lambar sirri in ta fita ana sauya ta, yatsa kuwa goma ne kawai kuma ba a sake su. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta sa zanen yatsa cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman. Don haka idan wasu suka shigo gari da na'ura a jaka suna cewa a dangwala za a ba da tallafi, ku tambayi hukumar da ta aiko su, ku nemi ganin katin shaidarsu, ku kuma faɗa wa iyayenku su yi hakan.

Ƙanwar tamu ta koma bayan lallen ya dushe. Yatsa tara suka karantu a karon farko, ƙaramin na hagu ne kawai ya sa aka maimaita sau biyu.