Ƙafafun ɗalibai na mutuwa tun kafin a tashi wasa

Da la'asar filayen ƙwallo na Yamai da Maraɗi kan cika da ɗaliban jami'a, amma da yawa ƙafafunsu kan yi nauyi tun kafin hutun rabin lokaci. Sau tari matsalar daga ciki take. Tsoka na ƙona sukarin da ta tara daga gero ko shinkafa, kuma wanda ya wuni aji da kofin shayi kawai, tanadinsa ba ya kai shi nisa, balle a zafin Afrilu da gumi ke zuƙe ruwan jiki. Fura da wake sun fi riƙe ciki. Wasan ƙarshen mako kaɗai ma bai isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu.